Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

  Mun sani a wannan wata ba kowa ke da sukunin zama ya karanta takarda ba, saboda haka mun gode da ka ajiye abin da ke hannunka na ɗan lokaci. In Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, buɗe Luka 10:38-42 ka karanta tukuna, sa'an nan mu ci gaba tare.

A cikin wasiƙun da suka iso mana bayan bikin Kirsimati na bara, wanda da yawanmu a Nijar da Kamaru da Cadi muke kira Nowel, akwai ta wata 'yar'uwa, uwar 'ya'ya biyar, tana cikin zumuntar mata a ikilisiyarsu. Ta ce tun da Disamba ta kama ba ta huta ba. Ta yi zaryar kasuwa, ta yi zaryar gidan tela, kowace yamma tana wurin koyon waƙa. Daren jajibiri ta kwana tana suya. Da asuba ta ɗora tukunya, ta zuba wa baƙi, ta aika yara da kwanuka gidajen maƙwabta. Daga nan ta sa sabon ankonta ta shiga majami'a. Kafin fasto ya gama karanta nassi barci ya kwashe ta, ba ta farka ba sai ana karɓar baiko. Da dare tana wanke tukwane sai ta ji hawaye na zubo mata. Ga tambayar da ta yi mana: "Duk abin da na yi, domin Yesu na yi shi. To, me ya sa nake ji kamar ya zo gidana ya tafi ban ko gaishe shi ba? Zunubi na yi?"

Wannan tambaya ba tata ba ce ita kaɗai. Tela da ke kwana a kan keke yana da irinta. Direban da ke jigilar mutane zuwa ƙauye yana da irinta. Maigidan da ke lissafin kuɗin shinkafa da akuya a tsakiyar addu'a yana da irinta, haka ma fasto wanda zai yi wa'azi sau biyar a mako guda. Ainihin maganar ita ce, shin zai yiwu mutum ya yi wa wani hidima da dukan ƙarfinsa, ya kuma rasa shi a tsakiyar hidimar? In zai yiwu, a ina ne aikin kirki yake juyewa ya zama hasara?

A GIDAN MARTA

Sau da yawa in aka yi wa'azi a kan Marta da Maryamu, sai a mai da Marta abin zargi. Bari mu yi mata adalci. Ita ce ta buɗe ƙofa ta karɓi Yesu. Yahaya ya shaida mana a sura 11 cewa Yesu yana ƙaunarta, kuma a ranar da ɗan'uwanta Li'azaru yake kwance a kabari, ita ce ta fito fili ta shaida cewa Yesu shi ne Almasihu. Mace ce mai bangaskiya. A ƙasarmu ma, matar da baƙo ya sauka gidanta ta zauna ba ta kawo ko ruwa ba, ai sai a yi da ita a gari.

Ka lura, Yesu bai ce mata ta kashe wuta ta sauke tukunya ba. Abin da ya taɓa shi ne halin da zuciyarta ta shiga. Dubi yadda abin ya bi daki-daki. Da fari aikin ya ɗauke mata hankali daga Baƙon. Sai damuwa ta shigo. Daga damuwa sai ta fara kallon ƙanwarta tana jin haushi. Daga nan ta zargi Ubangiji kansa da rashin kula. A ƙarshe ta tsaya a gabansa tana faɗa masa abin da zai yi. Hidimar da ta fara da ƙauna ta ƙare da ƙara, kuma wanda aka kai ƙarar gabansa shi ne wanda ake yi wa girkin.

Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kowa ya taɓa sauka gidan da aka cika masa gaba da abinci amma masu gida ba wanda ya zauna da shi, ya san ma'anar wannan magana. Za ka ƙoshi, amma ka tafi kana jin kamar ba a yi marhabin da kai ba. Tabarma tana da amfani, ba wanda zai zaunar da baƙo a ƙasa. Amma don baƙo aka yi tabarma, ba a yi baƙo don tabarma ba.

Akwai kuma wani abu da Marta ta manta a ranar. Baƙon nan ba irin sauran baƙi ba ne. A sura ta tara, kafin ya iso gidanta, ya ciyar da maza wajen dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu. Bai zo don tukunyarta ba. Ya zo da abin da zai ba ta. Maryamu ta gane wannan, shi ya sa ta zauna ta karɓa.

Ɗan'uwa, nan ne zancen Kirsimati yake. Mun ce zuwa da kai ya fi aike. Allah ya yi ta aiko annabawa zamani bayan zamani, a ƙarshe ya zo da kansa. A wannan biki shi ne mai bayarwa, mu ne masu karɓa. Duk ranar da muka juya abin, muka ɗauka cewa bikin ya rataya a kan abin da za mu dafa da abin da za mu sa, mun ɗora wa kanmu kayan da ba shi ya ɗora mana ba.

A BAITALAMI BA WANDA YA YI MUGUNTA

A wasan kwaikwayon da yaranmu na makarantar Lahadi ke yi kowace shekara, akan sami wani mai masauki mai ɗaure fuska yana korar Yusufu da Maryamu. Muna dariya, muna jin haushinsa. Amma in ka karanta Luka sura 2 a hankali, ba za ka tarar da wannan mutum ba. Luka bai ambace shi ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne wuri bai samu ba.

Kaisar Augustas ya ba da umarni a yi ƙidaya, kowa ya koma garin kakanninsa. Daga Nazarat zuwa Baitalami tafiya ce ta wajen kilomita 140, kusan nisan Yamai zuwa Dosso, ga mace mai tsohon ciki. Ƙaramin gari ya cika da 'yan'uwa da suka dawo gida. Kalmar Helenanci da aka juya mana da masauki ita ce kuma Luka ya mora a sura 22 don ɗakin baƙi inda Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa. A labarin Basamariyen nan mai tausayi kuwa, inda ake maganar masaukin da ake biyan kuɗi, wata kalma dabam ya sa. Saboda haka masana da yawa suna ganin gidan dangi ne, ɗakin baƙi ya riga ya cika, aka sauke su a sashen da dabbobin gida ke kwana. Ko ta yaya abin ya kasance, ba ƙiyayya ce ta kai Mai Ceto komin dabbobi ba. Cikowa ce. Waɗansu sun riga shi zuwa.

Matiyu sura 2 ya nuna mana waɗansu mutane kuma. Ga sarki Hirudus wanda ya nemi kashe yaron. Ba mu zaci kana cikin irinsa ba. Amma ga manyan firistoci da malaman Attaura. Da aka tambaye su inda za a haifi Almasihu, nan take suka ba da amsa daga littafin annabi Mika. Tsakanin Urushalima da Baitalami bai fi kilomita 9 ba, tafiyar sa'a biyu a ƙasa. Baƙi sun taso daga gabas mai nisa, amma ba a rubuta cewa ko ɗaya daga cikin malaman nan ya sa takalmi ya je ya gani ba. Suna da sani, suna da aikin Haikali, ba su da lokaci ko marmari. Wannan ya kamata ya tsorata mu da muka girma cikin ikilisiya, mu da muka haddace labarin tun muna yara.

Su wa suka je? Makiyaya. Su kuwa ba zaman banza suke yi ba, suna bakin aikin dare ne, suna tsaron garke. Ashe aiki ba shi ke hana mutum ganin Yesu ba. Makiyayan suna cikin aiki, amma kunnensu a buɗe yake, da kira ya zo suka tashi. Malaman suna cikin aikin addini, amma ba sauran wuri a cikinsu.

TO, MU BAR BIKIN NE?

Wani zai ce, in haka ne, a soke bikin mana kowa ya huta. Ai Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuma umarce mu mu yi bikinta ba. Wannan gaskiya ne. Shaida mafi daɗewa da ake da ita a rubuce ta kiyaye ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Har yau Kiristocin Masar da na Habasha ranar 7 ga Janairu suke nasu. Manzo Bulus kuma a Romawa 14 ya bar zancen kiyaye ranaku ga lamirin kowane mai bi.

An taɓa gwada sokewar. A shekara ta 1647 majalisar dokokin Ingila ta hana bikin Kirsimati, domin masu mulki a lokacin sun ga ya zama na shaye-shaye da shashanci. Mutane suka yi bore a garin Kantabari da waɗansu wurare, a 1660 kuma bikin ya dawo. A yankin Masacusets na Amurka an kafa doka a 1659 cewa duk wanda aka kama yana bikin zai biya tarar sule 5, aka janye ta a 1681. Dokar ta rufe ƙofar biki a ranar, amma doka ba ta iya buɗe zuciya.

Allah kuwa ba maƙiyin biki ba ne. Alamar farko da Yesu ya yi, a gidan biki ya yi ta, a Kana. A Nehemiya sura 8, da jama'a suka ji Shari'a suka fashe da kuka, shugabanninsu suka sallame su su je su ci mai daɗi, su sha, su kuma aika wa wanda ba shi da komai. Kwanon da kike aika wa maƙwabciyarki Musulma ranar Kirsimati, ita ma ta aiko miki da nama ranar Layya, abu ne mai kyau, kada ki bari ya mutu.

Iyayenmu na dā cikin bangaskiya wata hanya suka bi. Ba su soke biki ba, sai suka sa shiri a gabansa. A shekara ta 380 shugabannin ikilisiya suka taru a Saragosa ta ƙasar Sifen, suka tsai da cewa kada mai bi ya ƙaurace wa majami'a har kwana 21, daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu. Sannu a hankali aka sami lokacin da ake kira Adbent, daga kalmar Latin mai ma'anar zuwa, wato Lahadi huɗu kafin Kirsimati, lokacin tuba da sauraron zuwan Ubangiji, na fari da na biyu. 'Yan'uwanmu Kibɗawa na Masar har yanzu suna azumin kwana 43 kafin bikin, daga 25 ga Nuwamba, ba nama, ba madara, ba ƙwai. A Hambug ta ƙasar Jamus kuma, a 1839, wani bawan Allah mai suna Yohan Wishan yana riƙon yara matalauta, kullum suna damunsa da tambaya ko Kirsimati ta zo. Sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera kyandir a kanta, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi. Kowace rana a wurin addu'a a kunna ɗaya. Da haka ya koya wa yaran jira.

Ba muna cewa lalle ka yi azumin kwana 43 ba, ceto ba ta wurin azumi yake ba. Abin lura shi ne hikimar da ke ciki. Su sukan rage kafin bikin, domin su iso ranar da yunwa da marmari. Mu kuwa mukan ƙara kafin bikin, sai mu iso ranar a gajiye, aljihu ba komai, zuciya cike da haushi.

SHIRIN DA YAHAYA YA KOYAR

Mene ne shirin zuciya? Waɗansu suna tsammani wani daɗi ne da mutum zai ji a ransa in an rera waƙa mai taushi. Allah ya aiko mutum musamman domin ya shirya wa Almasihu hanya, shi ne Yahaya Maibaftisma. A Luka sura 3 mutane suka tambaye shi abin da za su yi. Bai tura su jeji ba, bai ce su bar sana'arsu ba. Mai riga biyu ya ce ya raba da marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji ya ce su tsaya a kan abin da aka ƙayyade. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Duk amsoshin nan a kan tufa, abinci da kuɗi suke. Su ne kuma abubuwan da suka cika mana watan Disamba.

Saboda haka ba sai ka gudu daga kasuwa za ka yi shiri ba. A cikin kasuwar za a gane ko ka yi. Ɗan'uwa tela, mun sani wannan wata shi ne kakarka, daga nan kuɗin makarantar yara zai fito, ba kuwa laifi ba ne ka yi aiki tuƙuru. Amma in ka karɓi ɗinki arba'in alhali ka san ashirin za ka iya, ka riga ka shirya ƙarya ashirin da za ka yi kafin ranar haihuwar wanda shi ne Gaskiya. 'Yar'uwa mai sayar da hatsi, yaya tiyarki take a makon da kowa ke saye ba ya dubawa? Mai mota, in ka ga fasinja sun yi yawa a tasha, tsohuwa tana roƙo, me kake yi da kuɗin mota?

Sai zancen bashi. Kowane manomi ya san hatsi yana araha da kaka, yana tsada a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka kowace shekara akwai magidanta masu bi da ke buɗe rumbu a Disamba, su sayar da gero da wake a farashin kaka don atamfa da takalma da abin sha, a watan Yuli ko Agusta kuma su sayi geron nan da tsada, ko su ci bashi. Yaran da suka yi ado kwana ɗaya su ne za su kwana da yunwa. Don wa aka yi wannan? In mun faɗi gaskiya, ba don Yesu ba ne, don idon mutane ne. Yanzu kuma idon ya ƙaru, tun da hoton kowa yana yawo a WhatsApp da Facebook kafin a tashi sujada.

Ka tuna da hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali bayan haihuwar. Tsuntsaye biyu ne. Bisa ga Littafin Firistoci sura 12, wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago. Iyalin da Allah ya zaɓa su reni Ɗansa ba su ci bashi don su yi kamar masu arziki ba. Sun kawo daidai ƙarfinsu, ba su ji kunya ba, a ranar ce kuma tsoho Saminu da Hannatu suka gane Mai Ceto a hannunsu.

Iyayenmu mata na zumunta, ku yi haƙuri mu taɓa zancen anko. Yana da kyau a ido, yana nuna haɗin kai. Amma ku duba kujerun majami'a ranar bikin. Akwai gwauruwar da ba ta fasa sujada duk shekara, sai ranar Kirsimati ta ce ba ta jin daɗi. Ba zazzaɓi ba ne, turmin atamfa ne ya fi ƙarfinta. In tufar da muka zaɓa don girmama Yesu ta hana gwauruwa shiga gidansa, to, mun sāke cika ɗakin baƙi mun bar shi a waje. Ko a zaɓi mai araha, ko a haɗa kuɗi a saya wa marasa hali a asirce, ko a bar shi bana.

Akwai kuma shirin da ba ya cin ko dala, amma ya fi duka wuya. A Matiyu sura 5 Yesu ya koyar cewa mai kawo baiko, in ya tuna akwai matsala tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. A wannan wata dangi za su taru. Wanda kuka yi rigimar gona da shi zai zo. Kishiyar uwarka za ta zo, surukarki za ta zo. Za a ci daga kwano ɗaya ana murmushin dole. An share tsakar gida, an yi wa ɗaki sabon shafe, amma gabar shekara bakwai tana nan inda take. Wane shiri ke nan?

WA ZAI DAFA?

Mun san abin da wata za ta ce a ranta yanzu: "Malam, maganarka da daɗi, amma in na zauna kamar Maryamu, wa zai dafa?" Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuwa ba a hannun mata kaɗai take ba.

Maigida, da kai muke. In matarka ta yi barci a sujada ranar Kirsimati, kafin ka harare ta, tambayi kanka inda kake sa'ad da take suya da ƙarfe biyu na dare. Kai ne ka gayyato abokai ashirin ba ka yi shawara da ita ba? Samarin gidan suna ina lokacin ɗiban ruwa da faskare? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin Yesu, zama a gaban malami wurin almajiri ne, galibi kuwa maza ke zama a nan. Da Maryamu ta zauna, Yesu ya tsare mata wurin, ya ƙi a tashe ta. In Ubangiji ya ba mace wurin zama ta ji maganarsa, kada cikinka ya zama dalilin da za a tashe ta.

Baba fasto da dattawan ikilisiya, da girmamawa muke roƙonku ku duba jerin shirye-shiryen watan nan. Ga taron godiya na kaka, ga ɗaurin aure kowace Asabar, ga gasar waƙa, ga wasan yara, ga kwanan addu'a na ƙarshen shekara. Kowannensu mai kyau ne. Amma in mutum goma ɗin nan ne dai ke ɗauke da su duka, za su shiga sabuwar shekara ba su zauna da iyalinsu sun buɗe Littafi ko sau ɗaya ba. Ba laifi ba ne ikilisiya ta rage taro domin 'ya'yanta su sami Ubangiji.

GA MA'AUNI

In kana so ka san abin da ke tsakiyar rayuwarka, kada ka dubi abin da bakinka ke faɗa. Dubi abin da kake fara ajiyewa in lokaci ya ƙure. Ba wanda ke cewa yau aiki ya yi yawa, ba zan je karɓo ɗinki ba. Amma addu'ar safe da ta iyali su ne na farkon tafiya, domin Yesu ba ya tsayawa a ƙofa yana yi mana ihu kamar mai bin bashi. Wanda ya fi kowa haƙuri da mu shi muke fara ƙyalewa.

Ga 'yan shawarwari, ɗauki wadda za ka iya. Bisharar Luka tana da sura 24. In iyali suka karanta sura ɗaya kowane dare daga 1 ga Disamba, za su gama a daren jajibiri, yara kuma su shiga bikin sun san wanda aka haifa da abin da ya zo yi, har gicciye da tashinsa. In watan ya riga ya yi nisa, fara daga yau, kada ka ce sai baɗi. Ku zauna da matarka ku yanke abin da za ku kashe tun ba ku shiga kasuwa ba, kada ku taɓa hatsin damina. Ware kwano ɗaya ko riga ɗaya don wanda ba zai iya rama maka ba. Je wurin mutum ɗaya da kuke gaba, kai ka fara gaisuwa. A daren jajibiri kuma ku sa lokacin da za a sauke tukunya ko an gama ko ba a gama ba. Gara a rage kala ɗaya na abinci da a rasa mai gidan a sujada.

Kai kuma da bana ba ka da abin shimfiɗawa, ko don rashin lafiya, ko rasuwa ta shiga gidanku, ko rashin zaman lafiya ya raba ka da garinku, kada ka ce Kirsimati ta wuce ka. Wanda aka kwantar a komin dabbobi, wanda iyayensa suka gudu da shi Masar da dare, ya san hanyar ɗakinka. Ba tabarma yake nema ba.

Yanzu bari mu amsa wa 'yar'uwarmu. Uwargida, barcin gajiya ba zunubi ba ne, Ubangiji ya san jikinmu ƙura ne, ya kuma ga kowane kwano da kika ɗauka. Hawayen da kika zubar a kan tukwane alama ce cewa kin san muryar wanda kika yi kewa. Bai tafi ba. Sa'ad da ya gyara wa Marta, sunanta ya kira har sau biyu, kamar yadda ake kiran wanda ake so. Ki buɗe Yahaya sura 12 ki gani. Kwana shida kafin Idin Ƙetarewa an sāke yi wa Yesu liyafa a Betanya. Wa ke hidima? Marta ce dai. Ba ta bar girki ba. Amma a wannan karo ba mu ji ta kai ƙarar kowa ba. Bana ma za ki dafa, za ki aika wa maƙwabta. Sai dai ki fara zama a gabansa tukuna, ko da na minti goma ne kafin yara su tashi, sa'an nan ki hura wuta.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ba ka tsaya ga aike ba, ka zo mana da kanka cikin Ɗanka Yesu Almasihu. Ka gafarta mana inda muka cika gidajenmu da zukatanmu har ba mu bar maka wuri ba. Ka tsare mu daga bashin nuna isa, da ƙarya a cikin sana'a, da gabar da muka riƙe. Ka ba da hutu ga waɗanda suka gaji, ka ta'azantar da masu makoki da waɗanda ke nesa da gida. Ka koya mana mu zauna mu ji maganarka kafin mu tashi yi maka hidima, domin ranar da za ka sāke zuwa ka same mu a shirye. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Allah ya kai mu bikin lafiya. Sai mun sadu a shirinmu na gaba.